SHIN HAMADA TANA TAFIYA? Sharhi a kan ra'ayin Stebbing da inuwarsa a cikin harshen Hausa

1. Gabatarwa

A cikin kalmomin da suka sami gindin zama a Hausar rediyo da ta littattafan lakwal, kaɗan ne suka yi farin jini kamar "kwararowar hamada" da ƴar'uwarta "gurgusowar hamada". Ana jin su a bakin mai jawabi ranar dashen itatuwa, ana kuma karanta su a takardun ma'aikatu, har mai sauraro ya ɗauka suna ne kawai na wani abu da kowa ya gani da idonsa. Alhali kuwa kowace ɗaya daga cikinsu ɗauke take da ra'ayi. Abin da ke kwarara shi ne ruwa, ko hatsi daga buhun da ya yage. Abin da ke gurgusowa kuwa mai rai ne, yana matsowa kaɗan-kaɗan ba ya komawa baya. Wanda ya furta waɗannan kalmomi ya riga ya yarda, ko bai sani ba, cewa Sahara tana da gaba kamar rundunar yaƙi, kuma gabar nan kudu kaɗai ta nufa.

Wannan hoto yana da tarihi a ilimin labarin ƙasa. Mutumin da ya fi kowa yaɗa shi a rubuce shi ne Edward Percy Stebbing, shehun malamin ilimin daji a Jami'ar Edimbara, kuma abin da ya dogara da shi ya gano shi ne a kan iyakar Nijar da Nijeriya, watau a tsakiyar ƙasar Hausa. Manufar wannan sharhi ita ce a auna rubutunsa da ma'aunin binciken da ya biyo bayansa, sa'an nan a duba ko kalmar da ake amfani da ita ta dace da abin da ake nufi.

2. Abin da ya gani da abin da ya faɗa

Stebbing ya yi shekaru yana aikin daji a Indiya kafin ya koma koyarwa. A shekara ta 1934 ya zo Afirka ta Yamma, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar cikin rani. A 1935 ya gabatar da maƙala gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan, aka buga ta a mujallar ƙungiyar, a 1937 kuma ya fito da littafi a kan dazuzzukan Afirka ta Yamma da Sahara.

Hujjarsa tana tsaye ne bisa ƙafafu uku. Ta farko, ya ga rairayi ko'ina, a gonaki da kan hanya, ya ɗauke shi yashin Sahara ne da iska ta kwaso kwanan nan. Ta biyu, ya karɓi ƙiyasin da aka ba shi cewa hamada ta yi shekara 300 tana cin kimanin kilomita 1 kowace shekara. Ta uku, ya ɗora laifin a kan manomi da makiyayi: sassabe, da ƙonon daji, da yawan dabbobi, da ƙaruwar jama'a. Maganin da ya bayar shi ne a kafa doguwar katangar itatuwa daga yamma zuwa gabas, a hana sara da kiwo a cikinta, domin ta tare yashin.

Dole a ba shi haƙƙinsa. Rubutunsa yana da armashi, ya san itace, kuma tsoronsa ba na ƙarya ba ne. Amma ƙarfin alƙalami ba ya zama hujja, kuma kowace ɗaya daga cikin ƙafafun nan uku an gwada ta an ga inda take ɗingishi.

3. Kuskuren lokaci

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya ga ƙasar Gobir ko ta Damagaram a watan Maris, bayan an kwashe kara, dabbobi sun cinye harawa, iska tana tashi da ƙura, zai rantse ba abin da zai sāke tsira a wurin. In ya dawo a watan Agusta sai ya tarar da gero ya fi shi tsawo a daidai inda ya tsaya. Stebbing fuska ɗaya ya gani daga cikin fuskokin shekara, ya yanke hukunci a kan ƙarni uku.

Gwamnatocin mulkin mallaka na Ingila da Faransa sun ɗauki maganarsa da muhimmanci, har suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji, wanda ya bi iyakar ƙasashen biyu daga Disamba 1936 zuwa Fabrairu 1937. A cikinsa akwai André Aubréville daga ɓangaren Faransa, da masanin duwatsu Brynmor Jones daga ɓangaren Nijeriya. Kwamitin bai tarar da wata rundunar yashi mai tafiya ba. Ya tarar da tuddan rairayi waɗanda ciyawa da itatuwa suka riƙe, ya kuma tarar da wuraren da ƙasa ta gaji saboda yadda ake noma, amma a warwatse suke, nan da can, ba a jere kamar gabar yaƙi ba. Jones ya buga wannan amsa a 1938, a mujallar da ta buga maƙalar Stebbing, Dudley Stamp kuma ya ƙarfafa ta a 1940.

To, daga ina rairayin ya fito? Amsar ta zo a 1958, lokacin da A. T. Grove ya bayyana cewa a ƙarƙashin gonakin ƙasar Hausa akwai tsohon tekun yashi, jerin tuddai da iska ta tara a zamanin da duniya ta yi sanyi ta bushe, shekaru dubbai kafin a fara noma. Mafi kusa daga cikin irin waɗannan zamunna ya faɗo wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da Amurka. Daga baya ruwa ya dawo, ciyawa ta ɗaure tuddan, suka zama abin da manomi ke kira jigawa. Watau ƙasar da ta fi kowace dacewa da gero ita ce tsohuwar hamada da ta mutu. Stebbing ya ga gawa ya ɗauka jariri ne.

Bayan wancan zamani na bushewa an yi wani na ni'ima. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara tana da tafkuna da ciyawa. Tafkin Cadi na lokacin ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000. A Gobero, cikin Tenere, an tono kaburburan mutanen da suka zauna bakin tafki suna kamun kifi, a Dabus kuma, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse. Masana sun danganta wannan sauyi da canjin da ke faruwa a hankali a yanayin juyawar duniya da kewayenta ga rana, bisa ra'ayin da Milutin Milankovitch ya shimfiɗa: in zafin rana na bazara ya ƙaru a arewacin duniya, iskar damana takan yi ƙarfi ta kutsa can cikin nahiya. Ashe Sahara ta taɓa saukowa kudu da inda take, ta kuma taɓa janyewa nesa, ba da gatarin kowa ba.

4. Iyaka mai kai da komowa

Domin a fahimci kuskure na biyu sai an tuna yadda ruwan sama ke zuwa Nijar. Iskoki biyu ne ke karo: busasshiyar iskar hunturu daga arewa maso gabas, da iska mai laima daga Tekun Atalantika ta kudu maso yamma. Layin haɗuwarsu yana hawa arewa daga bazara, ya kai ƙarshen tafiyarsa a watan Agusta, sa'an nan ya koma kudu. Kudancin ƙasa yana daɗewa a ƙarƙashin iska mai laima, arewa kuwa ɗan lokaci kaɗan take samu. Shi ya sa Gaya take samun kusan milimita 800 a shekara, Maraɗi wajen 500, Agadas ba ta cika wuce 150 ba, Bilma kuwa ko 20 ba ta cikawa. A dunƙule, duk kilomita 1 da aka yi arewa ana rasa kimanin milimita 1.

Wannan lissafi yana da ma'ana babba. In damana ta gaza da milimita 100, kamar an ɗauki iyakar ciyawa ne an sauko da ita kilomita 100. In ta yi kyau, iyakar ta koma inda take. Wanda ya auna a shekara mai albarka, ya sāke aunawa a shekarar fari, ya raba bambancin da yawan shekarun da ke tsakani, zai sami "saurin tafiyar hamada" wanda babu shi a zahiri.

Haka kuwa aka yi. Bayan farin 1968 zuwa 1973, Hugh Lamprey ya yi shawagi da jirgin sama a arewacin Sudan a 1975, ya gwada abin da ya gani da taswirar tsirrai ta 1958, ya ce hamada ta sauko kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, watau kimanin kilomita 5.5 a shekara. Taswirar an zana ta ne a ƙarshen shekarun 1950 masu yawan ruwa, shawagin kuma an yi shi a ƙarshen fari. Duk da haka adadin nan ya shiga bakin duniya, ya yi ta yawo a jawabai da rahotanni a shekarun da suka biyo bayan taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Nairobi a 1977. Ulf Helldén na Jami'ar Lund ya sāke bincika yankin da hotunan sama a shekarun 1980, bai sami alamar wannan tafiya ba.

A 1991 Compton Tucker da Harold Dregne da Wilbur Newcomb suka buga sakamakon hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 zuwa 1990. Sun ga iyakar kudu ta Sahara ta sauko kimanin kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, sa'an nan ta koma arewa kimanin kilomita 110 cikin shekara guda, daga 1984 zuwa 1985. Abin da ke tafiyar kilomita 110 a damana ɗaya ba tudun yashi ba ne. Ciyawa ce ke bin ruwa, kamar yadda Bafillace ke bin ciyawa.

5. Wa ke da laifi?

Ƙafa ta uku ta ra'ayin Stebbing ita ce ta fi taɓa rayuwar talaka, domin ta bar fagen duwatsu da iska ta shiga fagen labarin ƙasa na ɗan'adam. Tushenta yana komawa ga Thomas Malthus, wanda ya rubuta a 1798 cewa jama'a na ƙaruwa fiye da abinci, ƙarshenta sai yunwa ta daidaita lissafi. A 1968 Garrett Hardin ya ƙara da cewa makiyayar da kowa ke da hannu a cikinta halaka ce makomarta. A 1975 kuma Jule Charney ya ba wannan zargi rigar kimiyya: in dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa takan yi fari, farar ƙasa takan mayar da hasken rana sama, iska ta kasa tashi, hadari ya kasa haɗuwa. Bisa wannan ra'ayi, makiyayi ba kawai ya ɓata ƙasa ba, har fari ma shi ya jawo.

Bincike bai goyi bayan wannan hukunci ba. A 1986 Folland da Palmer da Parker suka nuna dangantaka tsakanin ruwan Sahel da zafin saman tekunan duniya. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka gwada na'urar lissafin yanayi, suka ba ta zafin tekuna kaɗai, sai ga shi ta fito da shekarun ni'ima na 1950 da na farin 1970 da 1980 kusan yadda aka yi su. Halin ƙasa da tsirrai yana iya ƙara wa fari tsanani, amma asalinsa yana can cikin teku, dubban kilomita daga garken da aka zarga.

Ta fuskar yawan jama'a ma akwai wani ra'ayi da ke ƙalubalantar Malthus. Ester Boserup ta nuna a 1965 cewa matsin jama'a yakan tilasta wa manomi ya canza dabara, ya ƙara aiki da taki a fili ɗaya. Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin karkarar Kano, inda mutane suka yi yawa ainun, ya tarar gonaki cike suke da itatuwan da aka bari da gangan. Shaida mafi girma kuwa daga Nijar ta fito. Ƙidayar 1977 ta ba da mutum miliyan 5.1, ta 2012 ta ba da miliyan 17.1. In da lissafin Stebbing ya tabbata, da jihohin Maraɗi da Damagaram sun zama fako. Maimakon haka, tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka shiga barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓen reshe ɗaya ko biyu suna gyarawa, dabarar da aka laƙaba wa suna sassaben zamani, wadda Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa ta a Maraɗi tun 1983. Binciken Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou ya ƙiyasta cewa aikin ya shafi kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200: gawo, da kalgo, da sabara, da magarya, da aduwa. A Magarya da Matamai da Mirya, inda jama'a suka fi cunkoso, nan gawo ya fi yawa.

A nan ne illar ra'ayin take fitowa fili. Wanda ya yarda manomi shi ne abokin gābar itace, dole ya raba shi da itacen. Dokar daji ta Faransa ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukan yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma, da dokar Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun sa itatuwa masu daraja ƙarƙashin ikon hukuma, ko da a cikin gonar mutum suke. Manomin da ya san in tsiro ya girma ba nasa ba ne, kuma reshe ɗaya zai iya jawo masa tara, me zai sa ya bar shi ya girma? Sai da aka sassauta, bayan muhawarar ƙasa da aka yi a Maraɗi a 1984, da dokar karkara ta 1993, da dokar daji ta 2004, sa'an nan itace ya zama dukiyar da ake tattali. Dokar da aka kafa don tare hamada ita kanta ta taimaka wajen tsiraita gonaki.

6. Inda yake da gaskiya

Adalci bai yarda a watsar da Stebbing gaba ɗaya ba. A gabashin Nijar, wajen Gure da Maine-Sorowa, akwai tuddan da suka farka suna binne kwaruruwan dabino da kanwa. Amma yashin wurin ne ya kwance bayan ciyawar da ke riƙe da shi ta tafi, ba baƙo ne daga Tenere ba. A Adar ruwa yana zaizaye tuddai, yana barin fako inda ko ƙarangiya ba ta fita. Saura ta ƙare a wurare da yawa, gona ba ta hutawa, burtali ya ƙuntata, kuma itatuwa irin su ƙirya ba su dawo yadda gawo ya dawo ba. Koren da tauraron ɗan'adam ke gani ba kullum yake nufin ƙasa mai ƙarfi ba. Har ila yau, Natalie Thomas da Sumant Nigam sun nuna a 2018 cewa in aka auna da ruwan sama, faɗin Sahara ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 daga 1920 zuwa 2013. Sai dai su ma sun danganta abin da juyin yanayin tekuna da ɗumamar duniya, ba da fartanya ba.

Saboda haka cutar gaskiya ce, ganewar likitan ce ta kauce. Ba daga waje take shigowa kamar ambaliya ba, daga ciki take tsirowa kamar ƙyasfi, tabo nan tabo can. Shi ya sa magungunan da suka yi aiki duka na cikin gona ne: jerin dogon yaro mai kare iska a kwarin Majiya tun 1975, da gyaran tuddan Keita tun 1984, da tassa da rabin wata da suka farfaɗo da fako a Illela. Ko shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda aka fara tsara shi kamar katangar Stebbing, mai faɗin kilomita 15 daga Dakar zuwa Jibuti, daga baya an sāke masa fasali ya koma gyaran filaye daki-daki.

7. Kammalawa: komawa ga kalma

Wani abin lura shi ne, ita kanta kalmar "hamada" a Larabcin da aka aro ta tana nufin shimfiɗaɗɗen tudun dutse, wanda ba ya motsi balle ya kwarara. Rairayi kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na Sahara ba. "Sahel" kuma asalinta gaɓar teku. Wanda ya kira wuri gaɓa, ya kira maƙwabcinsa teku, ba wuya ya fara jin tsoron igiyar ruwa.

Hausar manomi ta fi ta takarda daidaito a wannan fage. Shi yana rarrabe fari, wanda daga sama yake, da gajiyar ƙasa, wadda daga aiki take. Yana rarrabe jigawa da fadama da fako, ya san zaizaya daban, binnewar yashi daban, kuma kowace da maganinta. "Kwararowar hamada" ta tattara waɗannan duka a buhu ɗaya, ta ɗora wa abin da ba shi da ƙafa tafiya, ta kuma bar mai gona yana duban arewa alhali matsalar tana ƙarƙashin ƙafarsa. Ya kamata masu fassara da masu tsara littattafan lakwal su fifita "lalacewar ƙasa" a matsayin kalmar gama-gari, su keɓe "binnewar yashi" ga inda tudu ke motsi da gaske, su bar "fari" ga ƙarancin ruwa. Yaron da aka koya wa cewa hamada tana zuwa, abin da zai koya shi ne jira ko gudu. Wanda aka koya wa cewa ƙasa tana gajiya tana kuma farfaɗowa, shi zai duƙa ya duba kututturen da ke cikin gonar ubansa.